Dakarun Mudi Ba Sa Motsi

Kullum bayan la'asar Malam Mudi yakan goge dakarun ches, darar Turawa, da gefen rigarsa, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya jera su. Yau ma yana cikin gogewa Philip ya shigo zaure, ya ja kujera.

Shekara talatin Mudi ya yi yana gyaran agogo a Minna. Ches kuwa a wurin Philip ya koya, tsohon malamin makaranta, maƙwabcinsa a Maitumbi. A da duk unguwar an san salon Mudi: yakan tura ƙananan dakaru gaba a cinye su, ya buɗe wa manya hanya. Haka ya koyar da ɗansa Mujahid: ƙaramin dakare gaba kawai ya sani, ba ya komawa baya.

Da Mujahid ya ce zai shiga 'yan sa-kai masu gadin ƙauyukan bayan Gwada, Mudi na tsakiyar wasa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Je ka."

Yau kwana tara wayar yaron a kashe. Tun daga ranar Mudi bai ƙara tura ƙaramin dakare ko ɗaya ba. Dawakai kawai yake kaiwa yana komowa, dakarun takwas na tsaye a sahu kamar masu jiran liman.

"Maigida, wannan wasa ne ko zaman makoki?" in ji Philip.

"Yi naka, Ticha."

Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Mudi ya kasa kunne, yana jiran sallamar da yake tsoro, ta mai kawo mummunan labari. Keken ya wuce. Sai Mudi ya ga yatsunsa sun riƙe kan dakaren da ke gaban sarki.

Dokarsu tsohuwa ce: abin da ka taɓa, shi za ka tura. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ɗaga wa ɗan'uwansa ƙafa.

Philip ya kau da kai. "Ban ga komai ba."

"Ni na gani."

Mudi ya tura shi taki biyu. Dakaren ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, ba kowa a bayansa. Mudi ya daɗe yana kallonsa.

"Ƙarfe nawa motar Gwada ta ƙarshe ke tashi?"

"Hanyar nan ba ta da kyau, Mudi. In ka sami Mujahid ma, me za ka ce masa?"

"Zan ce na koya masa ba daidai ba."

Ya sa hula, ya zura takalmi, ya fita.