Maɓallin Tela da Hoton Gefe

Maƙwabciyata mai ɗaukar hoto ce, amma fa ba na biki ba. A asibiti take, a ɗakin nan mai sanyi da ƙatuwar ƙofa, inda inji ke leƙa cikin mutum ya nuno ƙashinsa. In 'yan sanda suka kawo gawar da ba a gane abin da ya kashe ta ba, ita ake kira. Duk sanda na gan ta za ta fita sai na ce, "Yaya, kin more! Masu hotonki ba motsi, ba 'ban yi kyau ba, a sake'."

"Zo in ɗauki kanka," in ji ta, "mu ga ko akwai wani abu a ciki."

Halinta guda: ba ta yarda da hoto ɗaya. Ta gaba, sannan ta gefe, ko da ana mata tsaye a ka.

Wata rana tela da mai askin layinmu suka kacame da musun ƙwallo. Tela ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya zube. Aka tarar da hannun mai aski a wuyansa. Ya rantse taimako yake yi, wa zai saurare shi? 'Yan sanda suka rufe shi, ana cewa shi ya shaƙe tela har lahira. Matar mai aski ta zauna a ƙofar shago, ko kuka ta kasa.

Gawar ta je hannun Yaya da kayanta a jiki, yadda aka ɗauko ta. Hoton gaba ya nuna wani farin abu zagayayye a wuya. Kowa ya ɗauka maɓallin riga ne, har ita. Duk da haka ta juya inji ta ɗauka ta gefe. Ashe ba kan riga yake ba, can cikin maƙogwaro yake zaune daram. Likita ya buɗe, ya ciro maɓallin ƙarfe na wando. Mu da muka san tela, Allah ya jiƙansa, mun san bakinsa ne aljihunsa, nan yake ajiye maɓalli in yana ɗinki.

Da aka sako mai aski, ƙofarta ya fara zuwa. Ya tsaya zai yi mata godiya.

"Je ka gida, ana jiranka," ta ce.

Ni kuwa tun ranar, duk baƙon da ya shigo layin nan sai na nuna masa ƙofarta, in ce katanga ɗaya ce tsakaninmu.