Malam Ba Boka Ba Ne

Ina cikin aji ina koyarwa aka leƙo aka ce in fito. Malamina, Farfesa Habibu, ya rasu da hantsi a gidansa da ke Kinkinau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na tafi da hawaye, na dawo raina a ɓace. A wurin zaman makoki wani dattijon unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yafe masa hisabin taurarin da ya yi ta yi." Jama'a suka amsa da amin. Mu ɗalibansa muna zaune, ba wanda ya tanka, har da manyan da suka zo daga jami'a da manyan riguna.

To, bari in faɗa a nan. Malam masanin fiziks ne, ɓangaren da ba a taɓa na'ura, sai alli da tunani. Ya ƙarar da rayuwarsa yana lissafa yadda haske ke lanƙwashewa idan ya gitta kusa da tauraron da ya mutu. Amma da yake akwai baƙin allo a zaurensa cike da alamomi, kuma an ji yana zancen taurari, shi ke nan, unguwa ta yanke hukunci: duba yake yi.

Ina nan wata rana wani ɗan kasuwa ya shigo, ya rage murya, wai a duba masa ranar da zai buɗe shago. Malam ya ba shi ruwa ya sha, ya ce, "Alhaji, ni abin da ya riga ya faru ma da ƙyar nake gane shi. Gobe kuwa ta Allah ce." Idan lissafi ya ƙi mana muka fara gunaguni, yakan ce, "Ba ƙi ya yi ba, sauri kuka yi." Na sha roƙonsa ya fito ya wanke kansa. Dariya kawai yake yi, ya ɗauki buta.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na shiga gaida iyalinsa, autarsa Nafisa ta biyo ni soro ta ce, "Kawu, da gaske Baba boka ne? Haka ake ce min a islamiyya." Wallahi ban yafe wa wanda ya fara wannan magana ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Hajiya da yara haƙurin rashi. Allah ya raya Nafisa, har ranar da za ta karanta aikin mahaifinta da idonta, ba sai ta tambayi kowa ba.