Mutumin da yake buga ƙofa lokacin La'asar

Malam Habu ya rasu. Da safen nan ƙaninsa ya kira ni, ko shayi ban kai ga sha ba. Ya ce zuciya ce, jiya da yamma a Tottenham, yana hanyar komawa gida. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa, na gaji.

Ga waɗanda ba su san shi ba: idan ciwo ya raba ka da aiki, aka yanke maka benefit, wato kuɗin tallafin gwamnati, ka kai ƙara tribunal, irin su Malam Habu ne suke yi wa alƙali bayanin aikin da jikinka zai iya da wanda ba zai iya ba. Abin da ya karanta ke nan, a kansa ya yi furfura. Shi ne zai tsaya mini ranar Alhamis mai zuwa. In aka sake kayar da ni, ban san yadda za mu riƙe flat ɗin nan ba.

Bas na tuƙa shekara da shekaru kafin bayana ya lalace. Ranar da aka fara kirana a duba ni, na yi abin da aka koya mana a gida. Na sa shadda mai kyau, na fesa turare, na bar sandata a mota don kada a ce ina neman tausayi. Baturiyar da take duba ni ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi, mun gode Allah. Ta ce ina iya tafiya, na ce ana lallaɓawa. Aka rubuta lafiyata ƙalau, aka yanke.

Da na ba Malam Habu labari, sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Alhaji Sani, ɗaurin aure ka je ko duba lafiya?”

Shi ba ya tambayar mutanenmu yaya jiki, ya san amsar da za a ba shi. Sai ya daidaici La'asar ya buga maka ƙofa, ya ce ya yi tasa sallar a hanya, ka yi taka, ya zauna gefe. Ranar da ya zo wurina ya ga na kasa ruku'u, ya ga na jawo kujera tun a raka'a ta biyu, ya ga yadda na dafa bango kafin na miƙe. Da na sallame ya ce, “Wanda bai iya tsayuwar raka'a biyu ba, shi ake cewa ya je shago ya jera kaya?”

Akwai ranar da lif ɗin benenmu na Thamesmead ya mutu kamar yadda ya saba. Ya same ni a ƙasa zaune da cefane, ya kwashe ledojin ya hau da su, yana haki yana yi mini tsiya cewa doya ta fi ni nauyi.

Kuma bai iya ƙarya ba, har ya taɓa ba ni haushi. Na ce ya ɗan ƙara gishiri a rahotonsa, ai mu ’yan gida ne. Ya ce, “Ba zan ƙara ba, kai kuma ka daina ragewa.”

Juma'ar da ta wuce ne haɗuwarmu ta ƙarshe. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ya ce, “Abin da na gani zan faɗa. Amma akwai wanda ba na gani, kuma na san akwai shi. Wannan da bakinka za ka faɗa wa alƙali.” Na kawo zancen ƙwallo. Ya ƙyale ni, ya ce za mu yi practice kafin ranar.

Lauyata ta ce rahotonsa yana nan, amma takarda ba ta amsa tambaya. Ni za a tambaya. Wallahi na gaji da asibiti, na gaji da jira, na gaji da nuna ni jarumi ne. Tunda babu mai zuwa ya sa ni a gaba, bari in yi practice ɗin a nan.

Matata ce take sa mini wando da safe. Ita take wanke mini ƙafa in zan yi alwala. Akwai ranakun da ba na iya tashi a banɗaki sai na kira ta ta ɗaga ni. ’Ya’yana ma ba su sani ba, sai dai in wani ya fassara musu wannan.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In kun gama tasa, ku roƙa mini Allah ya ba ni ƙarfin maimaita wannan ranar Alhamis ba tare da na sunkuyar da kai ba.