Taken da Ba a Kaɗa Ba

Maigidana ɗan kokawa ne, irin wanda daga Gafasa har Gaya ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Kullum bayan asuba sai ya ɗora buhun gyaɗa a kafaɗa ya zagaye gari da gudu, wai yana gasa jiki. Ni kuwa ina ce masa jaki ma ana sauke masa kaya.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira na fara lura. In ya dawo ya zauna, jijiyar wuyansa sai ta riƙa harbawa kamar lugude, can ta yi shiru, can ta zabura. Sau biyu jiri ya kwashe shi a zaure. Malamin asibitin Gaya ya tura shi Kano, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciyar tana tuntuɓe, ya bar fage in yana son ransa.

Ya yi rantsuwa ya bari, kuma na san har zuciyarsa yake nufi. Amma na san mijina. In makaɗi ya kaɗa takensa, ko a kan tabarmar jinya yake sai ya miƙe. Ɗan kokawa ba ya jin takensa ya zauna, abin kunya ne.

Da kaka ta yi, aka sa ranar wasa, na yafa mayafi na tafi gidan makaɗin, tsohon da ya yi shekara ashirin yana bin sa.

"Baba, kada ka kira shi."

"'Yar nan, in na tsallake shi a gaban jama'a, ai na binne shi da rai."

"To zaɓi irin binnewar da kake so."

Ranar ina tsakar gida ina sussuka, kunnena na wajen kalangu. Aka kaɗa na wannan, aka kaɗa na wancan, har na yaran da ya koya wa kamu. Nasa bai zo ba. Na yi murna, na kuma yi kuka, don na san yana can zaune idon kowa a kansa.

Kafin magariba ya shigo, ya kwance kambunsa ya ajiye.

"Ke ce ko?"

"Ni ce."

"Kin kashe min suna."

"Yi ta fushinka, Maigida, in dai kana numfashi."

Kwana uku bai taɓa tuwona ba. Ran na huɗu ya cinye, har ya ce gishiri bai ji ba. Shekara ashirin da wani abu ya ƙara yana kushe min miya.