Ƙuri'ar da Ta Tsallake Garinsu Zubaida

Zubaida 'yar wani ƙauye ce a bayan Gwiwa, kuma ita ce mace ta farko a garin da ta taka jami'a. Da aka ji tattalin arzikin kiwon lafiya ta karanta, dattawa suka gyaɗa kai kamar sun gane. Aikinta dai shi ne binciken abin da ke hana talaka zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ta daɗe tana koyarwa a Kazaure ba ƙarin girma, don digirin ƙarshe ya ƙi kammaluwa. Ana nan sai wata ƙungiyar ƙasar waje ta ɗauki nauyin bincikenta. Za a ba mata masu ciki katin haihuwa kyauta a wasu ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura, a bar wasu ba kati, bayan shekara biyu a kwatanta. In bambanci ya fito fili, a kai wa gwamnati hujja ta ba kowa. Don kada a ce an yi son kai, aka jefa ƙuri'a a gaban dagatai. Garinsu Zubaida bai fito ba.

Ana cikin shekara ta biyu, yayanta Hamma ya hau babur ya iske ta a ofis, ga matarsa Khadijat da ciki a gida.

"Ke ce fa mai abin nan. Ki sa mu a ciki mana."

"Yaya, in na taɓa ƙuri'ar nan binciken ya lalace, kowa ya rasa."

"To mu mene ne namu a ciki?"

"Da ku za a kwatanta."

Tana faɗa ta ji kunyar bakinta. Ta ciro abin da ya sawwaƙa daga albashinta ta miƙa masa. Hamma kuwa akwai zuciya. Ya ce shi ba bara ya zo ba, ya tayar da babur ya tafi.

Da naƙuda ta zo, aka tsaya ana jiƙe-jiƙe a gida, ana tsoron kuɗin asibiti. Kafin a samo mota jini ya ƙare wa Khadijat. A hanyar Kazaure ta cika.

Zubaida na kan tabarmar makoki malaminta mai duba binciken ya kira ta a waya, bai san abin da ake ciki ba. Murna yake yi, wai bambanci ya fara fitowa. Sai dai masu kuɗin sun ce hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A ƙara shekara ɗaya, ƙauyukan da ba su da kati su ci gaba da zama haka, in ba haka ba a rufe aikin gaba ɗaya.

Zubaida ta auna abin a ranta. In ta ƙi, babu kati ga kowa har abada, mutuwar Khadijat ma ta tashi a banza. Ta ɗaga kai ta dubi matan da suka zo gaisuwa. Duk ta san su, wasu tare suka yi wasan ƙasa, ga ƙanwar Khadijat a gefenta da tsohon ciki tana miƙo mata ruwa.

Ta karɓi ruwan, ta ce, "To, Malam, a ƙara."