Mramba da Kwakwar Bayan Katanga

Da sanyin safiya Mramba wa Kenga, wato ɗan Kenga, yake fita, adda a ƙugu, ƙafa ba takalmi. Duk bishiyar kwakwar da zai hau sai ya ɗan doke ta da ƙotar adda ya saurara, sannan ya sa ƙafa a saran da ya yi mata tun tana ƙarama. In ya kai sama yakan ce a kauce, sau ɗaya tak, wanda bai ji ba ruwansa. Ya kaɗo ƙosassu, ya sare busassun ganyaye na jinka, ya wuce gona ta gaba. Haka muka san shi a ƙauyenmu na bayan garin Takaungu tun gashinsa yana baƙi. Bana ya ajiye adda, gwiwa ta ƙi. Ban ji an kira sunansa a taron gunduma ba, inda ake raba wa masu tumbi yabo. To ni zan faɗa.

A bakin tekun nan ƙasa daban, itace daban. Kakanninmu sun gangaro daga tudu suka tarar tsofaffin gonakin Larabawa sun koma kurmi, suka sassabe, suka dasa kwakwa da kashu da mangwaro. Takardar fili tana hannun wani, itace kuwa na wanda ya dasa ne muddin yana kula da shi. Wanda ya bar kwakwarsa tana zuba ba mai hawa, dattawa su ce ya saki.

Mijina Baya ne ya dasa nawa, a rairayin da ke kallon teku. Bayan rasuwarsa wani mai kuɗi daga cikin ƙasa ya sayi filin a hannun jikokin masu takarda, mutanen da ko hanyar garinmu ba su sani ba. Ya zagaye da katanga, itatuwana a ciki, ni a waje. Na bi masu hawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce bayansa na ciwo, wancan ya ce akwai karnuka, wani ma ya ba ni shawara in koma noman rogo. Mramba tambayata kawai ya yi yaushe rabon da a hau.

Ta babbar ƙofa ya shiga, da rana tsaka. Nyevu mai sayar da kifi tana wurin, a tambaye ta. Mai gadi ya tare shi ya ce, "Tsoho, nan ba gonar ubanka ba ce."

"Gaskiyarka, ɗana," in ji Mramba. "Ni ma ba ƙasar na zo taɓawa ba. Sama za ni."

Mai gadin ya ce to ya sani, duk abin da ya faɗi a ƙasar maigida na maigida ne. Mramba ya ce ya ji. Ya hau, ya riƙa cillo kwakwar ta saman katanga, ina tsinta a waje. Waɗanda ke nesa da katanga kuwa sai ya ɗaure su a ƙugu ya sauko da su, ya fito ba tare da ko ɗaya ta taɓa ƙasa ba. Mai gadin kansa dariya ta kama shi. Maigidan da ya ji labari bai yi dariya ba, ya sa aka saki kare, ya yage wa Mramba sha-raɓa. Da ciwon ya kame ya koma hawa.

Ba waliyyi ba ne. Yana shan bamminsa, ga taurin kai, gaisuwa ma sai ya ga dama. Amma kai ne, Mramba abokin iska, ka sa shekarun nan duka ba wanda ya isa ya ce matar Baya ta saki itatuwanta. Kai ne ka sa miyar gidana ba ta rasa madarar kwakwa ba, ɗakina bai yi yoyo ba.

A hawansa na ƙarshe bai wuce tsayin mutum biyu ba ya tsaya. Ya daɗe rungume da itacen kafin ya zamo a hankali. Da ya fito ya zauna a gindin katanga ya ce mini, "Uwar Jumwa, ƙafar ta ƙi ni." Ban ce masa sannu ba, na san ba ya so. Ruwa na ba shi.

Na gode, Mramba. Allah ya hutar da gwiwar nan.

Yanzu maigidan ya kai magana gaban dattawa, yana so ya sare itatuwan ya gina masaukin baƙi. Za su zauna bayan damina, kuma tambayarsu ɗaya ce: wa ke hawa? Ku samarin da ke zaune kan babura a bakin titi kuna jiran Turawa, da kwakwar nan aka yaye ku. Ina son sunan da zan ba dattawa. Mramba ya ce zai tsaya a ƙasa ya nuna wa duk wanda ya zo inda zai sa ƙafa. Ranar Asabar muna bakin ƙofar, ni da shi.