Kifin da Ya Fitar da Mu Daga Gidan Gwaggo

Matata tuwo take tuƙawa. In na ce tuwo, kada ka kawo 'yar tukunyar gidanku a rai. Duk lokacin Hajji, a wani masaukin alhazai da ke unguwar Aziziyya a Makka, kan tukunyar da in ka faɗa ciki sai an zura maka igiya take yini, da muciyar da ta fi ni tsawo, tana ciyar da mutanenmu waɗanda da sun kwana biyu suna cin shinkafar Larabawa sai su fara kukan gida.

A shekarar da nake magana, kafin alhazai su watse kafaɗarta ta dama ta kumbura, ko ɗaurin ɗankwali sai da cije baki. Likita ya ce ta ajiye muciya ta hutar da hannun, in ba haka ba baɗi sai dai ta kalli tukunya daga nesa. Da wannan hannun muke rufa wa kanmu asiri rabin shekara.

Sai na bugi ƙirji. "Hajiya, Jidda zan kai ki. Ko cokalin miya ba za ki taɓa ba. Kina zaune kina kallon teku, ana soyo kifi ana dire miki."

Ta daɗe a Makka har Hausarta ta fara ɗaukar ƙamshin Larabci, amma teku ba ta taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi ranar da ta zo ƙasar.

"A ina za mu sauka, Alhaji?"

"Gidan Gwaggo mana."

Ta ce, "To." Wani dogon to ne, da na saurare shi da kyau da ban shiga mota a unguwarmu ta Kudai ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ta zo Jidda tun, a lissafina, kafin a zuba wa tekun ruwa. Kuma mutumin Makka ya je Jidda ya kama ɗaki a otel alhali gwaggonsa na raye, kafin ya murɗa makulli labari ya isa Kano.

Mun isa jikinmu na danƙo da gumin garin, iska na kawo warin gishiri, ni har na fara haɗiyar yawu. Gwaggo ta rungume matata, ta yi mata addu'a, sannan ta janyo wata jaka daga ƙarƙashin gado.

"Kuka ce da daddawa, alhazai suka kawo min. Na ce ba mai taɓa ta sai gwanar Aziziyya ta zo."

Na ce, "Gwaggo, hannunta fa ba lafiya."

"Hannu? Aiki ne maganinsa. Kai zauna can, namiji da maganar kicin."

Matata ta dube ni sau ɗaya, ta cire mayafi. Surukuwa ta miƙo maka muciya, da wane bakin za ka ce a'a? Daren farko a birnin kifi, tuwon masara muka ci da miyar kuka.

Washegari unguwa ta ji gwana ta sauka. Baƙo kuwa dole ya zaga gaisuwa, kuma duk gidan da muka shiga sai mu tarar ruwa na tafasa, an tankaɗe gari an ajiye.

"Ba girki za ta yi ba, Alhaji, nuna mana kawai za ta yi."

Ta yaya ake nuna tuƙin tuwo? Da baki? Matar gida za ta juya muciya sau biyu kamar mai tsoron tashin tukunyar daga barci, matata ta kasa jurewa ta ce kawo nan. Ni ina zaure ana cika ni da shayi, ana tambayata lafiyar mutanen da suka rasu tun ina saurayi.

Na gwada dabara iri-iri. Na ce bayan la'asar za mu leƙa bakin teku. Gwaggo ta ce, "Teku? Ruwa ne fa, ɗan nan. Ga famfo can, buɗe ka kalla." Wata rana har mun sa takalma, sai ga mota ta juye wasu mata a ƙofar gida, sun zo yi wa baƙi sannu da zuwa, kuma masu sannu da zuwa ba sa tafiya da yunwa. Maƙwabciyar Gwaggo Balarabiya ce, kullum ƙamshin sayadiyya, shinkafar nan da ake dafawa da romon kifi da soyayyar albasa, sai ya hauro katanga ya same ni ina lomar tuwo. Har ƙwalla na taɓa yi, na ce yaji ne. Tekun kuwa sau ɗaya na hango shi tsakanin benaye biyu, bai fi girman hankici ba, kafin wata babbar mota ta rufe min.

Kullum da safe ni ke shafa mata man zafi a kafaɗa. Kumburin ƙaruwa yake yi.

"Teku da daɗi, Alhaji," in ji ta. "Allah ya saka da alheri. Kifin ma har ya ishe ni."

"Hajiya, kada ki fara."

"Na fara me? Yabo nake yi."

Ana jibi za mu koma, daga sallar asuba na zarce kasuwar kifi. Tsarin wurin mai sauƙi ne: ka saya, ka ba masu gyara su kankare, ka miƙa wa masu suya. Na zaɓi najil ja, ƙato, mai ɗige-ɗige kamar an yi masa ado, kansa kaɗai zai ƙosar da sahu guda na masallaci. Aka gyara. Da ina da hankali da a nan na sa aka soya. Amma na ce wannan halitta sai matata ta gan ta ɗanya tukuna, sannan in ɗauke ta mu dawo tare a soya a gabanta.

Ina shiga gida Gwaggo ta karɓe ledar.

"Masha Allah! Ka kai wa wani ƙato ya soya maka kifi, ga matarka a zaune? Ina raye?"

Kafin in haɗa jimla ta ɗora kasko, ta tuttula mai. Matata ta tashi ta kai hannu za ta ɗaga kifin. Hannun ya tsaya a hanya. Ta sake gwadawa, na ga goshinta ya tattare.

Na ce, "Ajiye. Ni zan soya."

Sai matan da suka shigo ganin kifi suka fashe da dariya. Gwaggo ta ce, "Kai? Ka taɓa soya ko ƙwai?"

Ban taɓa ba. Na naɗe jallabiya, na ɗauki najil yana ɗigar ruwa, na ce bismillah, na jefa shi gaba ɗaya cikin tafasasshen mai.

Ƙarar da ta tashi, na tabbata an ji ta a Makka. Mai ya yi tsalle, wuta ta bi shi har rufi, mata suka watse ana salati, hayaƙi ya cika gida ya fita titi. Gwaggo, da muke cewa ba ta iya sauri, ta ture ni ta kife murfi kan kasko ta kashe gas. Da aka buɗe, kifin ya zama gawayi a waje, a ciki kuwa da ka mayar da shi ruwa zai yi iyo. Girata ta hagu ta tafi.

Gwaggo ta daɗe tana kallon rufin kicinta. Sannan ta juya ga matata.

"'Yar nan, fitar min da mijinki. Kai shi bakin ruwan da yake ta kira, ki jiƙa shi. Kada in gan ku sai magariba."

Haka muka ga teku. Muka sami wuri mai yashi, na sayo mana balila, dafaffen wake mai tsami a 'yan kofuna, da gurasar tamis. Matata ta cire takalma ta taka ruwan, ya jiƙa mata gefen abaya. Ta tsaya ta saki hannun yana reto, ba abin da aka miƙo masa.

"Ya kika gani, Hajiya?"

"Ya ɗan fi tukunyata girma." Ta kalli inda girata take a da, ta yi dariya har ta dafe kafaɗa.

Yini guda kenan cikin hutun da na yi wa alkawari, kuma bai isa ya sauke kumburi ba. A ɗakinmu na Kudai hannun ya warke, bayan mun dawo mun rufe ƙofa ba mu gaya wa kowa mun dawo ba, ina sayo ful, faten waken Larabawa, da tamis safe da yamma har muka fara kama da wake. Hajjin da ya biyo ta koma kan tukunyarta.

Bana na kira Gwaggo na ce muna tunanin sake zuwa, don har yau ban ɗanɗana najil ba.

"Ku zo mana," in ji ta. "Akwai otel mai kyau kusa da ruwa. Ku sauka can."